Karkarwar Farar Mota

Ku duka kun taso da labarin nan a gidanmu na Birnin Kwanni, cewa kawunku Illo ya buga sabuwar motata ya ɓoye, shi ya sa babanku ya karɓe makulli daga hannunsa. Na sha jin kuna maimaita shi har da dariya. In ɗayanku ya fasa kofi ya tura gutsattsarin ƙarƙashin gado, sai ku ce ya yi irin ta Kawu, ni kuwa ina zaune ina ji, ban taɓa tsawata muku ba. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, na bar kasuwa, ba ni da sauran hidimar da zan ɓuya a bayanta. Labarin nan ba haka yake ba, kuma tun ranar farko na san yadda yake.

Yaya Illo wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu a Tajaye ina ƙarama, shi ya tsaya a kaina, shi ya bar ni a lakwal, wato makarantar boko, lokacin da dangi ke cewa a cire ni, shi ya ba da aurena ga babanku. Ya yi shekaru fiye da ashirin yana jan babbar mota da albasar Galmi zuwa bakin teku, bai taɓa kayar da ita ba, kuma duk masu motocin Kwanni sun san haka. Ciwon baya ne ya sauke shi daga doguwar hanya. Duniya tana ce mini Hajiya, shi kaɗai yake kirana Kande, sunan da innarmu ta sa mini. A shekarar da cinikin atamfa da na wake ya buɗe mini har na iya sayen mota, ban yi shawara da kowa ba na aika Tajaye a ce masa ya zo ya riƙe ta. Iyalinsa suka zauna can, shi ya tare a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Babanku bai so ba. Ya ce wan matarka ba ya zama direbanka, don in ya yi laifi ba ka iya yi masa faɗa. Amma motar tawa ce, sai ya yi shiru, yana kiransa Malam Illo, suna gaisawa da mutunci.

Motar fara ce, sabuwa fil daga Yamai, ba irin 'yan Kwatano da wani ya hau ya gaji ba. Da ledarta a kujeru ta iso. Matan unguwa suka cika ƙofar gida suna leƙa ciki suna shaƙar ƙamshinta, wata tsohuwa har guɗa ta yi. Yaya ne ya je ya taho da ita. Da ya fito ya dafe ƙugu, na tambaye shi yadda ya ji ta.

"Lahiyarta lau, Kande, amma tauri gare ta. Ko tsakuwa tat taka sai ta hwaɗa ma bayana. Ina jin iskan tayun ya yi yawa, bari in rage."

Babanku ya ɗaga hannu ya ce kada wanda ya taɓa abin da masu ita suka ɗaura, sun fi mu sanin kayansu, sabuwar mota ai dole ta yi tauri kamar sabon takalmi. Yaya bai ja ba. Haka muka yi ta hawa tana dukanmu ta ƙasa, in ta faɗa ƙaramin rami haƙora su haɗu, muna cewa sabunta ce.

Kafin motar ta zo na riga na koyi tuƙi da izinin babanku, har na karɓi parmi, wato lasin tuƙi, ina ajiye da shi cikin jakar hannu ina fito da shi in kalla. Yaya ya kai ni wani fili bayan gari ya gwada ni. Na yi zagaye uku, ya ce in tsaya.

"Takarda kina da ita, hannu na ba ki da shi tukuna. In abu ya taso maki gaba, ido kika runtsewa. Ba ni wata biyu."

Da muka dawo babanku ya ji, sai ya rantse a gaban kowa cewa in na taɓa sitiyarin kafin Malam Illo ya yarda, motar ba za ta sake kwana a gidansa ba. Kun san babanku da rantsuwa. Na ce to, amma raina ya ɓaci. Ni na yi shekaru ina cin rana tsakanin Kwanni da Sakkwato da ƙunshin atamfa a cinya, ga shi abina yana tsaye a ƙofar gida sai an ba ni izini.

Juma'a ta biyu da zuwan motar maza suka tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Makullin yana rataye a ƙusa cikin zaure. Na ce zagaye ɗaya kawai. Na bi hanyar burji da ke fita wajen Alela, kaka ce, gonaki sun yi fari, na sauke gilashi iska na kaɗa mayafina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba. Sai ga amalanken jaki ya fito daga gona da karan hatsi ya tare rabin hanya, daidai wata ƙaramar gadar siminti. Abin da Yaya ya faɗa shi na yi. Na runtse ido na karkatar da sitiyari ban taka birki ba, ƙafar gaba ta dama ta zame ta daki bakin gadar da ƙara kamar an jefar da turmi. Na fito na zagaya ta. Ko ƙwarzane babu. Tayar tana tsaye da iskarta. Mai amalanken ya ce, Hajiya lafiya? Na ce lafiya lau. Na juyo a hankali, ban ji komai ya sauya ba, na ajiye ta inda take, na goge ƙurar da gefen mayafi, na mayar da makulli ƙusarsa. Ana sallame salla ina tsakar gida ina tsintar shinkafa.

Ranar Lahadi muka kama hanyar Tajaye zuwa sunan wata 'yar'uwa, ni a gaba, ku biyu Nana da Sani a baya kuna faɗa a kan taga. Muna wuce Tsarnawa kwalta ta miƙe, Yaya ya ba ta wuta, sai sitiyarin ya kama karkarwa. Ina kallon damatsansa suna rawa cikin hannun riga, gorar ruwa tana kaɗawa a ƙofa. Ya sassauta, ta daina. Ya ƙara, ta dawo. Ya gangara gefen hanya ya fita, ya zagaya tayu huɗun yana dukansu da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa, ya dawo ya zauna bai tayar ba.

"Wanga ba taurin nan na ba. Wanga sabon abu na."

"Ai tun da ta zo haka take, Yaya. Kai da kanka ka hwaɗi."

Ya dube ni, ya dubi hanya, ya tayar. Ƙaryar farko ke nan, kuma ta fito mini da sauƙi har na ji tsoron kaina.

Mako guda gidan bai da zance sai na motar. Babanku ya fara da zagin mutanen Yamai, ya ce sun sayar mana da mai ciwo. Yayarsa ta ce baki ne, mutane sun kalle ta da yawa ranar da ta iso, ta sa aka karɓo rubutu aka yayyafa wa tayun, ni ce ma na riƙe ƙwaryar. Daga nan abokan hirarsa na ƙofar gida suka sauya maganar. Ɗaya ya ce sabuwar mota ba ta karkarwa sai in hannu ya taɓa ta. Wani ya ce ya san direbobin da ke tsallaka iyaka su sauya sababbin tayu da tsofaffi a shafa musu baƙi. Ba su ambaci suna ba, amma direba ɗaya ne a gidan. Ina bayan katanga ina tankaɗe ina jin su, hannuna bai tsaya ba. Kowace safiya sai in ce yau zan faɗa, sai in tuna rantsuwar babanku, in tuna matan da suka yi guɗa, in ga yadda za a ce Hajiya ta saci motar kanta ta kai ta gada, sai in ce gobe. Ban daina shiga motar ba, ban hana a kai ku lakwal a cikinta ba.

Yaya ne ya ce a kai ta Malbaza wurin Sanda makanike, tsohon abokinsa tun zamanin manyan motoci, mutum siriri mai furfura da ba ya gaggawar taɓa ƙarfe. Babanku ya ce da shi za a je, ya kuma ɗauki abokinsa mai maganar sauya tayu don ya zama shaida. Ni ma na bi, tunda motata ce. Garejin rumfar kwano ce a bakin kwalta, da masu jiran gyara zaune a benci. Sanda ya saurari babanku har ya gama, bai katse shi ba, sannan ya ce:

"Alhaji, abu biyu kunka kawo mani kuna kiran su abu guda. Tauri daban, karkarwa daban. Illo, taurin yaushe yaf fara?"

"Tun Yamai."

"Karkarwar fa?"

"Lahadin da ta wuce. Daga tamanin taka tasowa."

"Ga hannu kaka jin ta ko ga kujera?"

"Ga hannu."

"In ka taka birki tana ƙaruwa? In tana tsaye inji na aiki tana yi?"

Yaya ya ce a'a duka biyun. Sanda ya gyaɗa kai ya ce to ba birki ba ne, ba inji ba ne, ƙafar gaba ce. Amma ya fara da taurin. Ya ɗauko ma'aunin iska ya sa wa tayun ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ƙofar direba ya nuna wa babanku wata 'yar takarda manne a jikin ƙarfen, inda aka rubuta iskar da ta dace. Abin da ke cikin tayun ya wuce haka nesa. Ya ce haka ake cika su in za a sa mota a jirgin ruwa, don kada su lotse wajen doguwar tsayuwa, wanda ya sayar ne ya kamata ya rage, bai rage ba. Ya sassauta iskar, muka shiga mu biyar ya ja mu wajen Galmi, motar ta yi laushi kamar ba ita ba. Babanku ya yi gyaran murya ya ce ashe Malam Illo ya yi gaskiya tun farko. Na ji sanyi a raina, na ce ko shi ke nan an gama. Allurar na kaiwa tamanin sitiyarin ya kama rawa a hannun Sanda.

Muka koma rumfa. Ya kwance ƙafar gaba ta dama ya mayar da ita baya, ta baya ya kawo gaba, muka sake fita. Wannan karon sitiyarin ya tsaya cik, karkarwar ta koma ƙarƙashin kujerar baya, daidai inda nake zaune, tana shiga ƙashina. Sanda ya ce ga mai laifin ta bi mu baya. Ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar da hannu, ya riƙe alli kusa da janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Allin bai taɓa ko'ina ba sai wuri ɗaya, duk zagaye sai ya yi ƙet ya bar farin layi. Ya cire ta ya kwantar a ƙasa, cikinta yana kallon sama. Bakin jantin ta ciki ya lanƙwashe, inda ido ba ya gani in tana ɗaure. 'Yar dalmar da ake maƙalawa don daidaita nauyi ta fita, sai gurbinta. Ga farin siminti a cikin ƙwarzanen. Sai ya kama hannun babanku ya ɗora a gefen tayar ta ciki, inda wani ƙullutu ya kumbura kamar ƙwan zabo.

"Wanga ba daga Yamai yaz zo ba, Alhaji. An buge ta, bugu mai ƙarhi. Zaren ciki ya tsinke. Allah na ya tsare, da rana ta yi zahi kuna gudu sai ta hwashe."

Na tuna ku biyu a kujerar baya kuna faɗa a kan taga. Babanku ya miƙe a hankali ya ce wa ya buge ta. Wallahi na buɗe baki. Na ji iska ta shiga, amma murya ba ta fito ba, ina kallon masu benci da abokin babanku da ya riga ya fara murmushi. Yaya bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ce:

"Ni na. Gada na daka."

Ran nan babanku ya yar da Malam ɗin da yake sa masa.

"Kai, Illo? Kwana bakwai ina zagin mutane kana zaune kana saurare? Ɗiyana kaka ɗauka bisa tayag ga kana sane? Ba ni makulli."

Sanda ya tsaya da alli a hannu yana kallon abokinsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Yaya ya miƙa makullin da hannu biyu. Aka ɗaura tayar ajiya, abokin babanku ya ja mu zuwa gida, Yaya ya ce zai biyo motar haya.

Bayan la'asar ya shigo cikin gida da jakarsa a kafaɗa. Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Kande. Ran Juma'a da na dawo masallaci na ishe kujera ta matso gaba, madubi na kallon ƙasa. Na ce ƙanwata ta zauna ta ɗanɗana abinta, ban ce komi ba. Ban san kin hita da ita ba sai yau. Da kin hwaɗa mani ran nan, da ni da ke mun gyara ba wanda ya ji. Amma ki bar ni in ɗauki yaran nan bisa taya mai ƙullutu?"

Na fashe da kuka, ya ce in yi shiru kada a ji.

"Na ruhe ki gaban maza don ni ad da hakkin ruhe ki, ba ni barin a tozarta ki bakin hanya. Amma cikin ɗaki, tsakaninki da mijinki, ke za ki gyara. Ki hwaɗa mai. In kin hwaɗa, aiko a kira ni."

"To, Yaya."

Da niyyar faɗa na ce to. Amma washegari da hantsi babanku ya shigo yana lallashina, yana cewa in yi haƙuri, ya san abin ya fi yi mini ciwo tunda ɗan'uwana ne, shi ba zai sake tayar da maganar ba don darajata. Bai taɓa yi mini magana da taushi irin na ranar ba. Na sunkuyar da kai na karɓi lallashin. Na ce sai ya huce. Da ya huce na ce sai bayan salla. Aka sa sabon janti da sabuwar taya, motar ta koma tafiya sumul, aka ɗauko wani direba, shi ya ƙarasa koya mini tuƙi, har na riƙa zuwa kasuwa da kaina mata suna nuna ni.

Yaya ya jira a Tajaye. Da ya ga ba aike, ya zo Kwanni ya zagaya masu motoci yana neman ko ƙaramar mota ce ya riƙa jigila zuwa garin Tawa da ita. Labarin ya riga shi zuwa. A wurinsu buga mota ba komai ba ne, kowa na bugawa, amma direban da ya buga ya ɓoye ba a ba shi makulli. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai kayar da kaya ba ya koma noman tudu da bayan da ba ya lanƙwasuwa, in rani ya yi ya tafi cin rani kamar saurayi. Bai yanke zumunci ba. Yakan zo barka da salla, ya zo bukukuwanku, ya gaida babanku ya koma tabarmar ƙarshe. A shekarar farko in mun gaisa yakan riƙe idona ɗan lokaci, ni kuwa sai in yi sauri in tambayi lafiyar matarsa Rabi da yara. Daga baya ya daina kallon. Ina aika masa buhun hatsi da turmin atamfa, yana aiko da godiya irin wadda ake yi wa baƙo mai kirki.

Babanku ya rasu bai sani ba. Na ce yanzu ba sauran rantsuwar da zan ji tsoro, sai na ga ku ne a gabana, kun girma, kuna ganina da daraja, na sake cewa gobe. Bayan shekara biyu, da damina, aka bugo waya cewa Yaya ya kwanta, kafin in shirya aka sake bugowa ya cika.

Bayan sadakar arba'in na koma Tajaye ni kaɗai. Na iske Rabi a inuwar rumbu cikin kayan takaba tana ɓarar wake a faifai. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na faɗa mata komai tun daga makullin da ke ƙusa, ban rage ba. Tun ina tsakiya hannunta ya tsaya.

"Ke ta?"

"Ni ta, Rabi."

"Bai taɓa hwaɗa mani ba."

Na ɗauka ta sani. Duk shekarun nan ina ganin ko ba kowa, matarsa ta sani, shi ya sa nake kauce wa idonta. Ta ajiye faifan a hankali.

"Kin san sau nawa na goranta mai motag ga? Duk shekarar da hatsi ya ƙare kahin damina sai in ce, da ba ka kashe motar mutane ka ɓoye ba da yanzu muna cikin rufin asiri. Gaban ɗiyanai nika hwaɗi. Sai shi ɗauki buta shi hita. Ko da ciwon nan ya kwantar da shi, da anka rasa motar kai shi likita, sai da na hwaɗa."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na motsi, ba ta yi ƙara ba. Na kai hannu zan taɓa ta, ta janye. Da ta buɗe fuskar ba ni take kallo ba, ƙofar ɗakinsa take kallo.

"Ke kin sauke naki, Hajiya. Ni wa za ni kai ma nawa?"

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Na zauna a wurin har inuwar rumbun ta bar ni a rana, ba wanda ya kawo mini ruwa, ba wanda ya fito raka ni.